Tukwane Marasa Suna: Inda Tarihin Matan Jos Yake Ajiye

Birnin Jos yana cikin garuruwan Nijeriya da aka fi yin rubutu a kansu, amma wanda ya bi littattafan da aka wallafa game da shi zai tarar kusan dukkansu abu uku suke zagayawa, wato kuzar da ta kafa garin a farkon ƙarni na 20, da ƙungiyoyin mishan da suka mai da shi mazauninsu, da kuma rikice-rikicen da suka raba unguwanninsa tun daga watan Satumba na 2001. A irin waɗannan rubuce-rubuce mata sukan fito ne cikin lissafi, ko dai lissafin leburori ko na waɗanda aka kashe da waɗanda aka raba da gidajensu, kuma da wuya a ci karo da sunan wata da aka ce ita ta ƙulla wani abu ko ta warware shi. Duk da haka tarihin matan garin yana nan, sai dai yana ajiye ne a wuraren da ba dominsa aka kafa su ba, kamar rumfar tukwane ta gidan tarihi, da taron zumuntar mata a majami'u, da azuzuwan Islamiyya na matan aure, da farfajiyar wani asibiti. Waɗannan wurare sun fi tarukan da hukuma ke shiryawa sau ɗaya a shekara riƙe al'amarin mata, kuma duk wani yunƙuri na daidaito da ya ci nasara a Jos, idan aka bi sawunsa, a kansu ya jingina.

Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka kuma buɗe a 1952, ya yi suna ne saboda sassaƙen yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928. Sai dai sashen da ya fi shafar mata shi ne na tukwane, wanda Sylvia Leith-Ross ta tara kayansa. Wannan Baturiya ta fara zuwa Nijeriya a 1907, ta yi aikin ilimi a zamanin mulkin mallaka, sannan ta dawo tana dattijuwa ta shafe shekarun 1960 tana bin kasuwanni da ƙauyuka tana sayen tuluna da randuna da kasake da tukwanen girki daga sassa daban-daban na ƙasar, har ta wallafa littafin bayaninsu a 1970. A mafi yawan al'ummun Nijeriya ginin tukunya sana'ar mata ce, ko da yake a wasu garuruwan Hausa maza ma suna yi, don haka wannan sashe taska ce ta aikin hannun mata wadda ke da wuyar samun irinta a ƙasar.

Wanda ya san yadda ake gina tulu zai fi gane darajar abin da ke wurin. Maginiya takan haƙo yumɓu ta jiƙa shi, ta daka fasassun tukwane ta cuɗa a ciki domin kada wuta ta tsaga shi, sannan ta riƙa murza shi kamar igiya tana ɗorawa zagaye bayan zagaye, a wasu wuraren ita ce ke kewaya tukunyar da ƙafa tana shafe ta da hannu, tunda babu wani faifai mai juyawa. Bayan ya sha iska takan goge shi da santsin dutse, ta yi masa zane da tsinke ko da igiyar kaba, a tara shi da sauran a lulluɓe da ciyawa da itace a cinna wuta a fili. Kowace al'umma da irin wuyan tulunta da irin zanenta, kuma wannan ilimi daga uwa yake gangarowa zuwa 'ya ba tare da an rubuta ko harafi ɗaya ba. To amma tsarin tattara kayan tarihi na wancan zamani ya fi damuwa da sunan ƙabila da na gari, don haka mai ziyara zai san daga ina tukunya ta fito, amma da wuya ya san wace ce ta gina ta. Maginiya ɗaya ce sunanta ya tsallake wannan shinge a faɗin ƙasar, wato Ladi Kwali, Bagwariyar da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, a 1954, kuma hotonta yana bayan takardar naira 20. Ita ma da ba ta haɗu da wanda ya fitar da aikinta waje ba, mai yiwuwa ne da tulunanta masu zanen kunama da ƙadangare sun shiga jerin marasa suna.

Haka lamarin yake a filayen kuza. Littafin da aka fi dogaro da shi kan ƙwadagon ma'adinai a Filato shi ne na Bill Freund, wanda ya fito a 1981, kuma ya nuna yadda kamfanonin Turawa suka gina arzikinsu a kan kwano, wato faffaɗan tasar ƙarfe da leburori ke ɗaukar ƙasa da ita a ka daga cikin rami zuwa wurin wanki. Mata da yara sun ɗauki kwano, mata sun dafa abincin da barikokin leburori suka rayu a kansa, sannan tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Ingila ta rasa kuzar Malaya a hannun Japan ta kuma ƙaƙaba aikin tilas a lardunan Arewa, gonakin mazan da aka kwashe a hannun matansu suka rage. Bayan faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 manyan kamfanoni sun janye, suka bar kududdufai da tarin ƙasa a wajajen Bukuru da Barikin Ladi, kuma har yau mata ne da yawa ke wanke yashi a bakin ƙananan ramukan da ake kira loto, aikin da babu rajista a cikinsa balle fansho.

Rubutattun majiyoyi ba su da yawa, amma akwai su. Takardun Lardin Filato na zamanin Turawa suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda mata ke fitowa galibi a shari'o'in aure da saki da haraji, wato lokacin da suka zama matsala ga hukuma. A Jami'ar Jos kuma, Farfesa Elizabeth Isichei ta sa ɗalibanta sun bi tsofaffi a garuruwansu suna ɗaukar tarihin baka daga ƙarshen shekarun 1970, aikin da ya haifar da littafin nazarin tarihin Jihar Filato na 1982. Abin koyi a wannan fage ya daɗe a ƙasar Hausa, domin tun a 1954 aka wallafa labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a Lardin Zazzau, ya kuma nuna cewa rayuwar mace guda da ba ta taɓa riƙe sarauta ba tana iya buɗe tarihin aure da bauta da kasuwanci na ƙasa sukutum.

Inda tarihin yake da rai sosai shi ne ƙungiyoyin addini. Jos ce hedikwatar majami'un ECWA da COCIN, kuma a cikinsu babu ƙungiyar da ta kai Zumuntar Mata yawan jama'a da tsari. Labarin da ake bayarwa shi ne ta faro a Miyango, yamma da Jos, wajen 1930, bayan wata mace ta kusa rasa ranta wajen haihuwa, sai matan majami'a suka haɗa kuɗi domin samar da hanyar kai mai naƙuda asibiti. Ko yaya asalin yake, siffar ƙungiyar a yau ba ta ɓuya: mata cikin anko, zane da kallabi iri ɗaya, ɗaya tana bayar da waƙa saura suna amsawa da Hausa, harshen da ya haɗa Birom da Angas da Tarok da Irigwe da sauran al'ummun jihar, ga masu kaɗa caki, ga kuma wadda ke zaune tana buga bakin babban tulu da faffaɗan soso har ya ba da amo mai kauri. Bayan waƙa akwai aiki, domin kowane reshe yana da shugaba da magatakarda da ma'aji, yana karɓar gudummawa, yana ziyartar marasa lafiya da masu jego da matan da mazansu suka rasu, yana kuma taron shekara da ke tara dubban mata. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma a nan ne mata da yawa da ba su yi boko mai zurfi ba suka koyi tsayawa gaban jama'a, da riƙe littafin kuɗi, da gudanar da zaɓe, tun kafin wata ƙungiyar waje ta zo da bitar koyar da shugabanci.

A ɓangaren Musulmi tushen ya fi tsufa, domin ana komar da shi ga Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jajis, wato mata jagorori, su kai karatu ga matan karkara. A Jos kuwa abin da ya kawo babban sauyi shi ne kafa ƙungiyar Izala a garin a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris. Ana iya saɓa wa ƙungiyar a kan abubuwa da dama, kuma ita kanta ba da sunan daidaiton jinsi ta yi aikin ba, amma masana da dama sun nuna cewa nacewarta a kan karatun matan aure ta fitar da mata masu yawa daga cikin gida zuwa aji, da yamma ko da dare, inda suka koyi karatu da rubutu da hukunce-hukuncen aure da gado da bakinsu maimakon jiran abin da miji zai faɗa musu. Sauran ɓangarorin Musulmi ma sun buɗe nasu makarantun, har ta kai walimar saukar karatu ta matan aure ta zama sanannen taro a unguwanni irin su Unguwar Rogo da Gangare. Tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985 da Hajiya A'isha Lemu a matsayin Amira ta farko, tana da reshe a jihar, kuma ta ba wa matan da suka haɗa boko da Islamiyya dandalin magana da hukuma.

Akwai wani taro da ba a cika lissafa shi cikin tarukan daidaito ba alhali ya cancanta. A asibitin Evangel, wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano, kuma yanzu shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Bingham, an buɗe cibiyar masu yoyon fitsari a 1992. Wannan lalura tana samuwa ne galibi idan naƙuda ta yi tsawo ba a kai mace asibiti ba, sai kan jariri ya danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu har naman wurin ya mutu ya huje, mace ta riƙa zubar da fitsari ba tare da iko ba, sau da yawa bayan ta rasa jaririn, wani lokaci har da auren. Cibiyar tana yin tiyata tana kuma koya wa mata sana'o'in hannu, sannan kowace shekara takan kira waɗanda suka warke su dawo a yi biki tare da masu jiran aiki. Matan da ke haɗuwa a wurin sun fito daga jihohi daban-daban, Musulmi da Kirista, kuma ganin wadda ta warke ta dawo da goyo ya fi kowace lacca ƙarfafa wa mai jinya gwiwa, tunda ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Shekarar 2010 ce ta gwada ƙungiyoyin mata na addinan biyu. A watan Janairu rikici ya ɓarke a Jos ya bazu zuwa kewaye, aka kashe Musulmi masu yawa a Kuru Karama, sannan ranar 7 ga Maris aka kai hari Dogo Nahawa aka kashe ɗaruruwan mutane, akasarinsu mata da yara Kiristoci. Kwanaki kaɗan bayan haka dubban mata sanye da baƙaƙen kaya suka yi tattaki a titunan Jos, kuma Fasto Esther Ibanga tana cikin jagororinsu. Matan Musulmi, ƙarƙashin Hajiya Khadija Hawaja, suka yi nasu tattakin domin tuna wa duniya cewa su ma sun binne 'ya'ya. Da farko kowane ɓangare kukan mamatansa kaɗai yake yi, kuma hakan ya nuna iyakar ƙungiyoyin da aka gina a cikin addini guda, domin katangar da ta raba unguwanni ta raba su su ma. Daga baya matan biyu suka zauna, aka kafa ƙungiyar Women Without Walls Initiative, wadda ta haɗa matan ɓangarorin biyu wajen shiga unguwannin da ake tsoro da tattaunawa da matasa da jami'an tsaro, aikin da ya sa aka ba Esther Ibanga lambar zaman lafiya ta Niwano ta ƙasar Japan a 2015. Abin lura shi ne babu ɗayansu da za ta iya tara wannan jama'a cikin 'yan kwanaki in ba don zumunta da Islamiyya sun riga sun tsara matan shekara da shekaru ba.

Tarukan hukuma kuwa suna bin kalandar duniya. Ranar 8 ga Maris ita ce Ranar Mata ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara bikinta a 1975, sannan daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba akan yi kwanaki 16 na gangamin yaƙi da cin zarafin mata. A Jos ma'aikatar harkokin mata da ƙungiyoyin sa-kai sukan yi tattaki da jawabai da shirye-shirye a gidan rediyo da talabijin na jihar, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA kuma takan ba da shawarar shari'a kyauta. Waɗannan taruka suna da amfani wajen matsa wa gwamnati lamba, amma da yawansu da Turanci ake yin su a zauren otal, kuma matar da ke kasa tumatir a Farin Gada ko wadda ta yi asarar jarinta a gobarar babbar kasuwar Taminus ta 2002 ba ta cika sanin an yi ba. Ɓangaren tarihi ma yakan taƙaita ga jero sunayen da aka saba, Sarauniya Amina da Funmilayo Ransome-Kuti da Gambo Sawaba, waɗanda duk sun cancanci yabo, amma babu 'yar Jos a cikinsu.

Alhali kuwa jihar tana da abin faɗa. Da yake Filato tana cikin tsohuwar Jihar Arewa, matan Jos ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959 ba, lokacin da takwarorinsu na Kudu suka jefa, sai a 1976 aka ba matan Arewa wannan 'yanci, suka kuma shiga babban zaɓe a 1979. Shekaru 28 bayan wannan zaɓe, a 2007, Pauline Tallen ta zama mataimakiyar gwamna, mace ta farko da ta hau wannan kujera a jihar, daga baya ta riƙe ma'aikatar harkokin mata ta tarayya daga 2019 zuwa 2023. Farfesa Nora Daduut ta ci zaɓen cike gurbi na Filato ta Kudu a 2020 ta zama sanata mace ta farko daga jihar, kuma tun 2023 Josephine Piyo ce mataimakiyar gwamna. A fagen doka ma jihar ta riga tarayya, domin ta yi dokar daidaiton jinsi da ba da dama iri ɗaya a 2015, yayin da Majalisar Dattawa ta yi watsi da irin wannan ƙudiri a watan Maris na 2016. Sai dai hukumar da dokar ta tanada ba ta fara aiki ba sai a zamanin Gwamna Caleb Mutfwang, wanda ya hau mulki a 2023, wato dokar ta yi shekaru tana kwance a takarda.

Matsaloli biyu ne suka fi taurin kai, kuma dukansu sun shafi ƙasa. Ta farko ita ce gado, domin a al'adun al'ummu da dama na Filato gona ta wajen maza take bi, ta yadda 'ya mace ba ta gadon filin mahaifinta, matar da mijinta ya rasu kuma zamanta a gona ya dogara ga yardar danginsa, duk da cewa Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2014, a shari'ar Ukeje, cewa al'adar da ta hana 'ya mace gadon uba ta saɓa wa tsarin mulki. A wajen Musulmi shari'a ta yanka wa 'ya da mata rabonsu a fili, amma sau da yawa akan bar gida ko fili a hannun 'yan'uwa maza da sunan riƙo har maganar ta shiririce. Ta biyu ita ce takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa bisa asalin uba, kuma ita ce ƙashin bayan rigimar 'yan ƙasa da baƙi a Jos ta Arewa. Macen da ta yi aure a wata jiha takan faɗa tsakiya, a garin ubanta a ce ta tafi, a garin mijinta a ce baƙuwa ce, musamman idan ta nemi takara ko muƙami. Ɗaya daga cikin ƙudirori biyar na mata da Majalisar Tarayya ta kayar a watan Maris na 2022 ya nemi a ba mace damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekaru 5 da aure, kuma faɗuwarsa ta fi ciwo a gari irin Jos, inda auratayya tsakanin ƙabilu ta daɗe da zama ruwan dare.

Kayan aikin rubuta wannan tarihi suna kusa. Rassan Zumuntar Mata suna da littattafan da magatakarda ke rubuta bayanan taro, makarantun Islamiyya suna da rajistar ɗalibai, tsofaffin makarantun 'yan mata irin su Kwalejin St. Louis ta Jos da sakandaren 'yan mata ta Gindiri suna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da hotunansu, Jami'ar Jos kuma tana da ɗaliban tarihi da ake buƙatar kowannensu ya rubuta kundin kammala digiri. Abin da ke ƙurewa shi ne lokaci, domin yarinyar da ta jefa ƙuri'arta ta farko tana da shekara 18 a 1979 yanzu ta haura 60, waɗanda suka ɗauki kwano a zamanin manyan kamfanoni kuwa sun girme ta, kuma littattafan rassa da yawa suna gidajen tsofaffin shugabanni ne a cikin akwati, a garin da gobarar rikici ta sha cinye gidaje da abin da ke cikinsu.